Gwajin Ƙwaƙwalwa Ranar Kasuwa

A bayan tashar mota, inda masu faci suke jingine tsofaffin tayoyi, nan Hedimasta ya ja Direba suka tsaya. Bai yarda su zauna a teburin mai shayi ba, don a can kunnuwa sun fi kofuna yawa.

"Surukinmu," in ji Hedimasta, "an ce kai ne kake yawo da mutanen nan masu auna ƙwaƙwalwar yara."

"Ni ne. Ni nake kai su, ni nake dawo da su. Abin da suke aunawa kuwa, su da Allahnsu."

"Yaushe za ku zo mana ƙetare?"

"Duk ranar da na ce hanya ta yi kyau. Ba su san hanyar ba, sai abin da na faɗa musu."

Hedimasta ya cire hularsa, ya leƙa cikinta kamar ya ajiye wani abu, ya mayar. Shi ne shugaban makarantar da ta fi girma a ƙetaren kogi, kuma ɗan'uwan mahaifin matar Direba ne ta can nesa, shi ya sa yake ce masa suruki. Makarantun ƙetare ba su da yawa, duk shi suke sa wa ido.

Ya ce ya ji daga ofishin ilimi, daga bakin da ba ya ƙarya, cewa in an gama gwajin za a tara makin yaran kowane yanki a raba daidai a kansu, abin da ya fito shi ne lambar yankin. Yankin da lambarsa ta zo ƙarshe, shi za a fara yi wa gyara. Sabon rufi, sababbin bencina.

"To sai me?" in ji Direba.

"Ka kawo su ranar Laraba."

Direba ya gane, don ya yi zarya a ƙetare shekaru kafin a ba shi mata. Laraba ce ranar kasuwarsu, kuma kasuwa ɗaya ce duk yankin yake ci. A can, ranar kasuwa kowane gida yakan zare ɗa ɗaya ko biyu daga makaranta su tsaya a kan kaya. Kuma ba kowane ɗa ake zarewa ba. Wanda ya fi kaifi ake ɗauka, wanda ɗan kasuwa ba zai juya masa lissafi ba. Waɗanda suke saura a aji ranar, ƙanana ne, da marasa lafiya, da waɗanda iyayensu suka duba suka ga ko an kai su kasuwa asara za su jawo.

"Malam, ka san fa abin nan a rediyo za a karanta shi. Za a ce 'yan ƙetare ba su da kai. Matata taku ce. 'Ya'yana rabinsu naku ne."

"Wa yake riƙe irin wannan magana? Sati guda an manta. Ni kuwa duk damina rabin ajujuwana a tashe suke. Bara katako ya faɗo wa wata yarinya a kafaɗa, har yau hannun ba ya ɗagowa sosai. Na rubuta, na je, na roƙa, na yi fushi. Ba wanda ya leƙo. Ba na ce ka yi ƙarya ba, suruki. Rana kawai za ka zaɓa."

"Ni kuma fa?"

Hedimasta ya yi murmushi, don tambayar da yake jira ke nan. Ya san Direba ya tayar da ɗakuna biyu a bakin gari, gini ya kai har sama ya tsaya, babu rufi, suna zaune gidan haya.

"Kwanon rufin da za a cire, duk wanda ke da sauran rai, naka ne."

Suka tafa. Hannun Hedimasta akwai gumi, na Direba a bushe.

Shugabar masu gwajin wata mata ce mai yawan rubutu da ƙarancin magana. Yaran aikinta suna kiranta Mai Tabarau in ba ta kusa. Direba ya gaya mata cewa jirgin fito mai ɗaukar mota ba shi da tabbas sai ranar Laraba, sauran ranaku sai mutum ya yini a bakin ruwa. Akwai gaskiya a ciki. Abin da bai faɗa ba shi ne mai jirgin abokinsa ne, da ya buga masa waya ko ranar Litinin zai tayar da inji. Ta ce shi ya san hanya. Aka sa makarantun ƙetare duka a ranakun Laraba, ɗaya bayan ɗaya.

Ranar farko ya ajiye mota a gindin bishiya, ya ƙi shiga. Amma tagar ajin ba ta da murfi, duk abin da ake yi yana gani. An raba wa yara takardu masu zane-zane, ga murabba'i, ga da'ira, ga wani gurbi da aka bari a ce yaro ya zaɓi abin da ya dace da shi. Wani daga cikin masu gwajin yana riƙe da agogo. Bencina rabi babu kowa. Wani yaro mai kumburin ciki ya riƙe fensir kamar an ba shi ajiya, bai taɓa takardar ba har aka karɓe. Wata yarinya tana ta goge hanci da bayan hannu, tana kallon bakin mai agogo, da alama ba ta ma gane abin da yake cewa ba.

Mai Tabarau ta fito ta tambayi Hedimasta ina sauran yaran.

"Haka muke fama, ranki ya daɗe," in ji shi, ya buɗe hannuwa.

Da za su koma, Direba bai bi ta tsakiyar gari ba. Ya zaga ta bayan makabarta, hanya mai rami, ya ce wai ta fi sauri. Duk da haka a bakin ruwa sai da suka tarar da yara ɗauke da kaya, wasu da wandon makaranta a jikinsu.

"Waɗannan ba sa zuwa makaranta ne?" ta tambaye shi.

"Wasu suna zuwa," in ji shi, ya ƙara muryar rediyo.

Bayan wasu watanni sakamako ya fito. A tasha Direba ya ji, yana wanke gilashin mota. Mai karanta labarai ya jero yankuna daga sama zuwa ƙasa, da ya zo kan ƙetare sai da ya ɗan ja numfashi, ya ce tazarar da ke tsakaninsu da na kusa da su ta ba masana mamaki. Washegari jarida ta buga taswira, kowane yanki da launinsa, ƙetare ja wur kamar an yanka kaza a kai.

Hedimasta ya yi kuskure wajen abu ɗaya. Ba a manta ba. Mutane sukan manta da farashin mai, su manta da wanda ya yi musu alkawari, amma abin da zai ba su damar raina maƙwabci, wannan ba sa yar da shi. Kafin wata ya ƙare maganar ta shiga bakin kowa. Yaron mota ya ba da canji ba daidai ba, sai a ce ko daga ƙetare aka ɗauko shi. Mutum ya sa riga a bai-bai, a ce ya sha ruwan kogi. Masu wasan dariya a rediyo suka ƙirƙiro wani ɗan ƙetare da yake tambayar kuɗin motar da zai hau zuwa inda yake tsaye.

"Direba, yaya mutanen gidan?" in ji mai sayar da tikiti wata safiya. "Ka riƙa yi mata magana a hankali fa, kalma ɗaya ɗaya."

Aka kwashe da dariya. Direba ma ya yi. Abin da ya fi ci masa rai daga baya ke nan, dariyar ta fito masa da sauƙi.

Alkawari dai an cika. 'Yan kwangila suka haye kogi, suka fara kwance rufin makarantu. Wata rana da hantsi wata babbar mota ta sauke wa Direba kwano a bakin gininsa, tsoho ne, akwai tsatsa da ramukan ƙusa, amma kafinta ya toshe su da kwalta, ya buga. Suka tashi daga haya. Ya gaya wa matarsa cewa Hedimasta ne ya tuna da zumunci. Ta yi ta sa masa albarka, har ta ɗinka wa matar Hedimasta riga ta aika.

Ita tela ce, kekenta a zaure yake, mata suna shigowa suna fita. A da yakan tsokane ta da 'Yar Ƙetare, ita kuma ta ce masa Ɗan Kwalta. Yanzu sunan ya maƙale masa a wuya. Ya lura wasu masu kawo ɗinki sun fara ce mata ta auna sau biyu, cikin wasa, tana dariya tana aunawa. Ya lura kuma ta fara gyara harshenta in baƙi suna nan, tana danne irin jan maganar mutanensu. 'Yarsu ta fari ta dawo daga makaranta rannan ta tambaye shi ko gaskiya ne rabin kanta ba ya aiki. Ya ce wa ya faɗa. Ta ce malamarsu ce, amma da wasa ta yi. Ya ba ta kuɗin alewa, ya fita.

Sai maganar Auta ta zo. Auta ƙanin matar ne, magidanci da 'ya'ya uku a ƙetare, aikinsa haɗa wutar gida, kuma hannunsa yana da kyau. Wani kamfani yana gina rukunin gidaje a gari, ana ɗaukar masu aikin wuta. Ya zo ya kwana biyu a wajensu, ya je da kayan aikinsa. Da azahar ya dawo, ya ajiye jaka a zaure, ya zauna a ƙasa bai cire takalmi ba.

"Yaya, ko filaya ba a bari na fito da ita ba," ya ce wa yayarsa. "Shugaban ma'aikatan ya tambaye ni daga ina. Na faɗa. Sai ya juya ya ce wa na kusa da shi, wuta ba ta son ganganci, wannan in ya haɗa sai gidan ya tashi. Ya ce in ina son ɗaukar bulo akwai wuri."

"Me ka ce masa?"

"Me zan ce? A jarida aka buga."

Direba yana tsakar gida yana alwala, buta a hannu, ruwa yana zuba a ƙasa bai sani ba. Auta ya ƙi cin abinci, ya ce zai kama jirgin yamma. Da ya tafi, matar ta koma kan keke, ta taka kaɗan, ta tsaya.

"Baban yara."

"Na'am."

"Kai ka kai mutanen nan garinmu. Ni abin ya ƙi shiga kaina. Na san yaranmu. Akwai dolaye, ko'ina akwai su, amma ba haka ba. Yaya aka yi gwajin?"

"Takarda ce aka raba. Zane-zane."

"Ajin ya cika?"

"To... ba laifi."

"Wace rana kuka je?"

Da ya ce ya manta, da ta yarda. Shekarunsu tare bai saba yi mata ƙarya a kan ƙaramin abu ba, bakinsa ya riga shi.

"Laraba."

"Sauran makarantun fa?"

Ya kau da kai. Ta cire ƙafarta daga kan keken. Ta ɗaga kai ta dubi rufin zauren, inda kwalta ta yi ɗigo-ɗigo baƙi a kan ramukan ƙusa. Ta daɗe tana kallo.

"Tun ina aji biyu," in ji ta, "ban taɓa ganin cikin makaranta ranar Laraba ba. Babanmu cewa yake, a bar sauran su je, wannan ita ce idona. Kai ka sani. A kasuwar ka fara ganina."

"Katako ya faɗo wa wata yarinya..."

"Kada ka kawo mini yarinya. Don yarinyar ka karɓi wannan?" Ta nuna sama da almakashi. "Har riga na ɗinka na aika. Ina ta godiya kamar sakarya. To ga shi, sun yi gaskiya, ba mu da kai."

"Ban zaci zai kai haka ba."

"Ka zata. Kai ba yaro ba ne, duk tashar nan ba wanda ya kai ka hangen abin da ke bayan kwana. Gobe ka je ka gaya wa matar nan. Ka faɗa da bakinka, su koma rediyon su gyara."

Washegari ya sa rigarsa mai kyau, ya je ofishin. Ɗaki ne mai fanka ɗaya da tulin kwalaye, taswirar nan mai launi tana manne a bango. Mai Tabarau ta ce ya zauna. Bai taɓa zama a ofishin ba, kullum a bakin ƙofa yake karɓar saƙo.

Ya fara daga nesa. Ya ce mutanen ƙetare suna shan wahala da maganar nan. Ya ce ƙanin matarsa ya rasa aiki.

Ta cire tabarau ta murza idanu. Ta ce ta sani, kuma abin yana hana ta sukuni. Ta ce lambar nan ba kan mutane take aunawa ba, abin da yaran da aka samu a aji suka yi a wannan rana ne kawai, da yunwarsu, da zazzaɓinsu, da rashin sabonsu da irin takardar. Ta ce ta rubuta a rahotonta cewa rabin yaran ƙetare ba sa nan, kada a dogara da lambar. An ɗauki lambar, an bar gargaɗin.

"To ba za a iya gyarawa ba, ranki ya daɗe?"

"Ana iyawa. In wani ya tsaya ya ce da gangan aka kai mu ranar da yaran ba sa nan, dole a soke sakamakon ƙetare gaba ɗaya, a sanar, a sake gwaji baɗi." Ta mayar da tabarau. "Amma da wannan lambar aka saki aikin rufi. In aka soke ta, aikin ya tsaya a inda yake, sai an gama bincike. Ka san yadda bincike yake a wajenmu."

Ya sani. Ya kuma san inda aikin yake, don shekaranjiya ya wuce ta can. An kwance rufin makarantun duka, an buga sabo a biyu, sauran suna tsaye da katako tsirara, yara suna karatu a gindin bishiya. Gabas kuwa ta fara haɗa hadari da yamma. Ga Hedimasta, da za a kora ana saura kaɗan ya yi ritaya. Ga shi kansa, da aikinsa, da kwanon da za a zo a tambaya. Ya yi ƙoƙari ya ware wanne ne a cikin waɗannan ya fi danne masa harshe, yaran ko kansa, ya kasa. Har yau in ka tambaye shi ba zai iya gaya maka ba.

Tana kallonsa. Ba kallon tuhuma ba, kallon wadda ta riga ta sani, take jira ta ga ko za a ɗora mata abin da ita ma ba ta son ɗauka.

"Akwai abin da ka zo gaya mini ne, Direba?"

Fanka ta juya, ta ɗaga gefen taswirar, ta sake shi.

"Tayar baya ce, ranki ya daɗe. Ta cinye. Ya kamata a canza kafin tafiya ta gaba."

"To. A canza," in ji ta. Ta ja wata takarda gabanta. Ya ga hannunta bai rubuta komai ba har ya fita.

Bai zaga ko'ina ba, gida ya nufa. Tana zaure, ba ta ɗinki, hannuwanta a kan cinya.

"Ka faɗa?"

"Ban faɗa ba."

Ya zauna a bakin ƙofa ya gaya mata duk yadda suka yi, bai rage ba, har maganar taya. Ya ce in ta ce ya koma, yanzu zai koma, amma ta sani makarantar da 'ya'yan Auta suke tana cikin waɗanda ba a rufa ba.

Ya ga tana lissafi, irin lissafin da take yi da sauri tun tana yarinya, ya ga kuma inda lissafin ya kai ta. Ta tashi ta shiga ciki, ta fito da kwanon abinci ta ajiye a gabansa, ba da ƙarfi ba, ba kuma a hankali ba.

"Ka sa ni a ciki ke nan," in ji ta. "Yanzu mu biyu ne muka sani muka yi shiru. Ci abincinka."

Ya ci. Ba ta sake tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi.

An gama rufin kafin ruwa ya yi ƙarfi. Yaran ƙetare sun yi damina a cikin aji, har da ranakun da ake kwana ana tsuga ruwa, wannan riba ce, ba mai musu. Hedimasta ya samu takardar yabo, aka ce ya iya jawo hankalin hukuma, ya yi ritaya da mutuncinsa. 'Yan kwangila sun ci. Masu wasan dariya sun samu abin da za su ci shekaru suna juyawa. Direba ya fita daga haya, aikinsa yana nan, an ma ƙara masa wasu tafiye-tafiye don an ce ya san hanya.

Asara kuwa ta faɗa kan waɗanda ba su san an yi ciniki ba. Malamai biyu da aka tura ƙetare sun nemi a sauya musu wuri tun kafin su ga makarantar, suka ce ba za su ɓata ƙuruciyarsu ba. Auta ya gaji da yawo, ya koma ya karɓi ɗaukar bulo a kamfanin, yana kallon wasu suna ja wa gidajen waya. Ranar da aka zo rubuta sunayen masu neman shiga babbar makarantar 'yan mata, aka tambayi 'yar Direba garin mahaifiyarta. Uwar tana tsaye a bayanta, ta riga ta amsawa. Ta faɗi wani gari daban.